Yadda Ake Tabbatar da Agogon Tsibiri Mai Nisa Kafin a Tsayar da Lokaci

Mu mutanen Bauchi da Gombe mun tashi da agogo ɗaya tilo. Daga Badagiri har Bama ƙarfe ɗaya ake bugawa, awa ɗaya gaba da agogon GMT, kuma ba a taɓa shi rani da damina. Wannan sauƙi ne babba, amma shi ne ya sa yawancinmu ba mu da ɗabi'ar bincike idan harka ta haɗa mu da wani wuri mai nisa. Ga shi kuma irin wannan harka sai ƙaruwa take yi. Tun 1987 Najeriya ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik a ƙarƙashin shirinta na taimakon ƙwararru, matasa suna yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet, malaman jami'a suna aika takardu zuwa tarukan da ke da wa'adi, iyaye kuma suna so su kira 'ya'yansu ba tare da sun tashe su a tsakar dare ba. Babban birni kamar Landan ko Dubai ba ya ba da wahala, domin kowace waya ta san shi. Ƙaramin tsibiri a tsakiyar teku shi ne inda kuskure ke yawa.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne cewa rana tana da nata lissafi, gwamnati kuma tana da nata. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato minti 4 ga kowane digiri. Gombe tana wajen digiri 11 gabas, Sakkwato wajen digiri 5, shi ya sa a watan azumi mutumin Gombe yake riga na Sakkwato shan ruwa da fiye da minti 20 alhali agogonsu ɗaya ne. Fitowar rana da faɗuwarta ba su canzawa da umarnin kowa, amma abin da agogon bango zai nuna doka ce ke tsayar da shi, doka kuwa ana sauya ta. Saboda haka tambayar da ake nema wa amsa ita ce: a wannan tsibiri, a wannan rana ta wannan shekara, awa nawa ne tsakanin agogonsa da UTC? UTC shi ne ma'aunin lokaci na duniya, kuma a amfanin yau da kullum daidai yake da agogon GMT da muka saba ji a rediyo. Najeriya tana kan UTC+1.

Mataki na farko: a tabbatar da wane tsibiri ake nufi

Wannan mataki yana kama da ɓata lokaci, amma a nan ne aka fi yin kuskure mafi girma, domin sunayen tsibirai da na garuruwansu suna maimaita juna ƙwarai. Akwai tsibirin Christmas a Tekun Indiya, mallakar Ostareliya, wanda ke kan UTC+7, akwai kuma Kiritimati a Tekun Fasifik, cikin ƙasar Kiribati, wanda shi ma ake kira Christmas a tsofaffin taswirori, yana kan UTC+14. Awa 7 ke tsakaninsu. Wani babban ƙauye a Kiritimati sunansa London. Hedikwatar tsibirin Norfolk sunanta Kingston, kamar babban birnin Jamaika. Babban garin tsibirin Ascension sunansa Georgetown, kamar na Guyana. Babban garin tsibiran Chatham sunansa Waitangi, kuma akwai wani Waitangi da ya fi shi suna a arewacin Niyu Zilan, minti 45 tsakanin agogonsu. Wanda ya rubuta sunan gari kawai a manhajar agogo, ya karɓi amsar farko da ta fito, zai iya ɗaukar lokacin wata nahiya dabam ba tare da ya sani ba.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a rubuta abu uku a takarda: cikakken sunan tsibirin yadda yake a wasiƙar da aka samu ko adireshin da aka bayar, sunan ƙasar da ke mulkinsa, da lambobin wurinsa a taswira. Lambobin suna fitowa idan aka danna wurin a Google Maps aka ɗan riƙe. Ta farko tana nuna arewa ko kudu, ta biyu tana nuna gabas ko yamma, kuma idan ta biyun tana da alamar ɗebewa a gabanta, wurin yana yamma da Greenwich, unguwar Landan da ake fara ƙidayar digiri daga gare ta.

Mataki na biyu: a yi ƙiyasi da lambar taswira

A raba lamba ta biyu da 15. Abin da ya fito shi ne kusan inda rana ta ajiye tsibirin. Tsibirin Easter, wanda mutanensa ke kira Rapa Nui, yana wajen digiri 109 yamma, rabawar za ta ba da 7 da 'yan kai, agogonsa na doka kuwa UTC-6 ne, yakan koma UTC-5 a wani ɓangare na shekara. Wannan ƙiyasi ba amsa ba ne, amfaninsa kawai ya nuna idan an kauce hanya da nisa. Bambancin awa ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. Idan bambancin ya kai awa 6 ko 7, to kusan tabbas wani tsibirin aka duba. Idan kuma ya yi kusa da awa 24, to maganar layin sauya rana ce, wato layin da ke tsakiyar Tekun Fasifik inda kwanan wata ke canzawa idan aka tsallaka shi: Kiritimati yana wajen digiri 157 yamma, agogonsa na bango daidai yake da na Hawaii, amma yana gaba da ita da kwana ɗaya cur.

Mataki na uku: kada a ɗauka agogon babban birni shi ne na tsibiri

Mutum yakan ce, tunda tsibirin na ƙasa kaza ne, bari in duba lokacin babban birninta. Wani lokaci hakan yana dacewa, domin tsibiran Andaman da Nicobar suna bin agogon Indiya na UTC+5:30 duk da nisansu can gabas. Amma inda bai dace ba ya fi yawa. Tsibirin Easter yana bayan Santiago, babban birnin ƙasar Chile da ke mulkinsa, da awa 2. Galápagos yana kan UTC-6, sauran Ekwado tana kan UTC-5. Tsibiran Azores suna bayan Lisbon da awa ɗaya, Madeira kuwa daidai take da Lisbon, dukkansu na Fotugal. Tsibiran Canary suna bayan Madrid da awa ɗaya. Fernando de Noronha yana gaban Brasilia da awa ɗaya.

Akwai kuma ƙasashen tsibirai da su kansu ke da agogo fiye da ɗaya. Kiribati tana da uku: tsibiran Gilbert, inda babban birni Tarawa yake, suna kan UTC+12, na Phoenix suna kan UTC+13, na Line suna kan UTC+14. Yankin Polinesiya na Faransa shi ma uku gare shi: Tahiti UTC-10, Marquesas UTC-9:30, Gambier UTC-9.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan Gaɓar Tekun Gini. Ƙasar São Tomé da Príncipe tana kan UTC, wato tana bayanmu da awa ɗaya. Ƙaramin tsibirin Annobón yana kudu maso yamma da ita, wanda bisa lissafin rana ya kamata a ce ya fi ta jinkiri, amma da yake na Ikwatoriyal Gini ne, agogonsa ɗaya da namu. Taswira ba za ta taɓa nuna wa mutum wannan ba, sai ya san wanda ke mulkin wurin da abin da dokarsa ta ce.

Yankunan Birtaniya na kudancin Atlantika suna da nasu tarko. Saint Helena da Ascension da Tristan da Cunha suna kan GMT duk shekara. Landan kuwa tana matsar da agogonta gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, a lokacin ta zama daidai da Najeriya. Wanda ya ce "ai agogon Ingila suke bi" zai dace a watan Disamba, ya kuskure da awa ɗaya a watan Yuni. Tristan da Cunha, wanda mazaunansa ba su kai 300 ba kuma ba shi da filin jirgin sama, yana bayan Gombe da awa ɗaya a kowane wata.

Mataki na huɗu: a nemo sunan yankin a rumbun IANA

Kusan duk wayoyin Android da iPhone da manyan shafukan intanet daga wuri ɗaya suke ɗebo bayanin agogo, wato rumbun bayanan lokaci da Arthur David Olson ya fara, wanda Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, hukumar IANA, mai kula da lambobi da sunayen intanet, kuma ta karɓi ajiyarsa a 2011. A cikinsa kowane yanki yana da suna mai gaɓa biyu, nahiya ko teku sannan wuri. Namu shi ne Africa/Lagos. Na tsibiran da muka ambata sun haɗa da Pacific/Chatham, Pacific/Kiritimati, Indian/Christmas, Pacific/Easter, Atlantic/Azores da Australia/Lord_Howe. A ganina samun wannan suna shi ne rabin aikin, domin shi kaɗai ne ke ɗauke da tarihin wurin da dokokinsa na sauya agogo, alhali lamba kamar UTC+13 tana faɗin halin da ake ciki ne a rana ɗaya kawai.

Shafuka irin su timeanddate.com da time.is suna nuna sunan yankin da tazararsa daga UTC da ranar da za a sauya agogo nan gaba. A duba biyu, a gwada amsarsu. Sai dai a sani cewa dacewarsu ba shaida biyu ba ce cikakkiya, tunda sau da yawa tushensu ɗaya. Shaida ta biyu ta gaskiya ita ce shafin gwamnatin tsibirin, ko na hukumar yawon buɗe idonsa, ko jadawalin jiragen da ke sauka can, domin tikitin jirgi kullum da agogon filin da ake tashi ko sauka yake rubuta lokaci. Mai aiki da kwamfuta mai Linux zai iya rubuta TZ=Pacific/Chatham date ya ga lokacin yanzu, ya kuma yi amfani da zdump ya ga ranakun sauyi.

Akwai abubuwa uku da ke rikita mutane a nan. Na farko, gajerun haruffa ba abin dogaro ba ne: IST na iya zama Indiya ko Isra'ila ko Ayalan, CST na iya zama tsakiyar Amurka ko Sin ko Kuba. Idan aka aiko wa mutum lokaci da irin waɗannan haruffa, ya nemi a rubuta masa tazarar da lamba. Na biyu, sunayen da suka fara da Etc suna juya alama, ta yadda Etc/GMT-14 yake nufin UTC+14; wanda ba dole ba ya bar su. Na uku, rumbun yana haɗa wuraren da agogonsu ya dace tun daga 1970, shi ya sa wanda ya zaɓi Saint Helena zai iya ganin Abijan ta fito masa, kuma wannan ba kuskure ba ne. Rumbun kansa ba ma'asumi ba ne. Bayan Tokelau, ƙananan tsibiran Niyu Zilan a Tekun Fasifik, ta tsallaka layin sauya rana a ƙarshen 2011, an rubuta ta a kan UTC+14, sai a 2012 aka gyara zuwa UTC+13 da aka gano ainihin abin da mutanen wurin ke bi. Ƙananan tsibirai ba su da masu yawan kai rahoto, don haka kuskurensu yakan daɗe.

Mataki na biyar: a duba ranar da ake nufi, ba yau ba

Wanda ya duba tazara yau don ganawar da za a yi bayan wata biyu bai gama aiki ba, domin sauyin agogo na iya faɗowa a tsakani. A arewacin duniya, kamar Azores da Madeira da Canary, ana matsar da agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, a mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A kudancin duniya abin a juye yake, saboda zafinsu yana zuwa ne lokacin da muke cikin hunturu. Chatham tana kan UTC+12:45, amma daga Lahadin ƙarshe ta Satumba zuwa Lahadin farko ta Afrilu tana kan UTC+13:45. Tsibirin Lord Howe na Ostareliya yana kan UTC+10:30, kuma idan lokacin sauyi ya zo rabin awa kawai yake ƙarawa, ya koma UTC+11. Hawaii ba ta sauyawa sam, duk da cewa yawancin Amurka suna yi.

Bayan sauyin shekara-shekara akwai sauyin doka, wanda shi ne ke tsufar da bayanin da ke cikin littattafai da tsofaffin shafuka. Kiribati ta tsallake ranar 31 ga Disamba 1994 a tsibiranta na gabas domin ƙasar ta zauna a kan rana ɗaya. Samoa ta tsallake Juma'a 30 ga Disamba 2011 domin ranakun aikinta su dace da na Ostareliya da Niyu Zilan, sannan a 2021 ta daina matsar da agogo. Norfolk ta sauka daga UTC+11:30 zuwa UTC+11 a 2015, ta fara sauyin lokacin zafi a 2019. São Tomé ta koma agogo ɗaya da mu ranar 1 ga Janairu 2018, ta sake komawa UTC ranar 1 ga Janairu 2019. Duk wani bayani da ba a ga ranar rubuta shi ba, a ɗauke shi a matsayin abin da ke buƙatar tabbaci. Haka nan tsohuwar waya da ta daɗe ba a sabunta manhajarta ba tana iya riƙe da dokar da aka soke, tana nuna ta da cikakken tabbaci.

Mataki na shida: a yi lissafin da hannu, ta hanyar UTC

Ko da manhaja ta ba da amsa, yana da kyau a sake lissafin a takarda, kuma a bi ta UTC a matakai biyu maimakon a yi tsalle ɗaya. A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya a Kumo an ba ta lokacin tattaunawa ƙarfe 9:00 na safiyar Litinin agogon Chatham, a watan Janairu. A Janairu tazarar ita ce 13:45. Za ta cire awa 13 da minti 45 daga 9:00 na safiyar Litinin. Cire awa 9 ya kai ta sha biyun daren da Litinin ta shiga, saura awa 4 da minti 45, wanda ya mayar da ita 7:15 na yammacin Lahadi agogon UTC. Sai ta ƙara awa ɗaya ta Najeriya, ta samu 8:15 na daren Lahadi, bayan sallar isha'i. Da a watan Yuli ne, da 9:15 na daren Lahadi za ta samu. Abin lura shi ne ranar ta canza: wanda ya rubuta "Litinin" a kalandarsa zai zauna jira bayan an gama da kusan kwana guda.

Dokar a taƙaice ita ce, idan tazarar tsibirin tana da alamar tarawa a cire ta domin a samu UTC, idan tana da alamar ɗebewa a ƙara ta, sannan a ƙara awa ɗaya. A rubuta sunan rana a kowane layi na lissafin. Samoa biyu suna nuna dalilin haka sarai. Idan sha biyun ranar Laraba ta buga a Gombe, sha biyun dare ne a Apia, babban birnin Samoa, sha biyun dare ne kuma a Pago Pago ta Samoa ta Amurka, amma a Apia Alhamis ce ke shiga, a Pago Pago kuwa Larabar ce ma take farawa. Tsibiran suna maƙwabtaka, agogon bangonsu ɗaya, kwana ɗaya ke tsakaninsu.

Mataki na bakwai: a tambayi mutumin da ke can

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambayar. "Kuna kan UTC nawa?" tambaya ce da yawancin mutane a ko'ina ba su san amsarta ba. Wadda kowa zai iya amsawa ita ce wadda uwa za ta yi wa ɗanta a waya: "Yanzu a nan ƙarfe huɗu ne na yammacin Talata, an idar da la'asar. Kai a wurinku ƙarfe nawa ne, kuma wace rana ce?" Shi kuma ya duba agogon bangon asibiti ko na ofis ya ce, "Umma, a nan huɗu ne na asubahin Laraba." Daga wannan amsa kaɗai an san tazarar awa 12 ce gaba. A nace cewa agogon bango ko na rediyon garin zai duba, domin wayar baƙo da bai daɗe da sauka ba tana iya kasancewa a kan agogon filin jirgin da ya baro.

Tambayar mutum tana kuma fito da abin da babu shi a kowane rumbu. Agogon doka a Maldives UTC+5 ne, amma wasu otal-otal da ke kan tsibiransu na kansu suna matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya domin baƙi su sami doguwar yamma. Wanda zai yi aiki a irin wannan wuri dole ya tambaya ko lokacin jirgin ruwan da aka ba shi da agogon Malé, babban birnin ƙasar, ne ko da na otal.

Lokacin da ke jikin saƙon WhatsApp ba ya taimakawa a nan, domin agogon wayar mai karantawa yake nunawa. Cikakken kan wasiƙar imel yakan nuna tazara kamar +1300 a layin kwanan wata, wanda alama ce mai amfani, sai dai tana faɗin yadda aka saita na'urar da ta aiko ne kawai. Idan ganawar tana da muhimmanci, a rubuta wa ɗaya ɓangaren lokacin a siffa uku cikin jimla ɗaya, da agogonsu da UTC da agogon Najeriya, kowanne da ranarsa da kwanan wata, a roƙi ya tabbatar a rubuce.

Bayan an tabbatar

A kalandar waya a shigar da ganawar da agogon tsibirin, a zaɓi sunan yankinsa, a bar manhajar ta juya shi zuwa namu. Ta haka idan sauyin agogo ya faɗo a tsakani, ita za ta gyara. Ganawar da ake maimaitawa kowane mako a sake duba ta a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, da kuma daga Satumba zuwa farkon Nuwamba, domin a nan ne yawancin sauye-sauyen suke.

Malaman jami'a da ɗalibai sukan gamu da wa'adin da aka rubuta AoE a gabansa. Wannan yana nufin UTC-12, agogon da ake jinginawa ga tsibiran Baker da Howland waɗanda ba kowa a kansu, kuma shi ne wuri na ƙarshe da rana ke ƙarewa a duniya. Wa'adin 11:59 na daren 15 ga wata a wannan agogo yana cika ne da 12:59 na ranar 16 ga wata a Bauchi. Sanin haka yana ba da 'yan awanni, amma da yanayin wuta da intanet ɗinmu, gara a aika tun daren 15.

Ga wanda shi da kansa zai tafi tsibirin, akwai maganar salla. Manhajar lokutan salla tana haɗa abu biyu, lambobin wurin a taswira da yankin agogon da wayar take kai. GPS yana ba ta wurin daidai, amma yankin agogo yakan zo ne daga kamfanin layin waya ko daga saitin da mai wayar ya yi, kuma a tsibirin da layin bai kama ba wayar tana iya zama a kan tsohon yanki. Idan ɗaya ya yi daidai ɗaya ya kauce, jadawalin zai saɓa wa agogon bangon garin da awa ɗaya ko fiye. Da an sauka a shiga saitin kwanan wata da lokaci, a kashe na kai-tsaye idan ya saɓa wa agogon filin jirgi, a zaɓi yankin da hannu, sannan a yammacin farko a gwada lokacin magariba da manhajar ta bayar da faɗuwar rana da ido. Idan sun dace cikin 'yan mintoci, saitin ya zauna. A kuma tambayi mutanen gari wace rana ce, domin wanda ya tashi daga Apia da safiyar Asabar zai sauka a Pago Pago ya tarar Juma'a ce.